Malam Na Son Komawa Majalisa: Mu Sa Hannu Ko Mu Fara Zama Da Shi?

Alhaji Garba (shugaban zaure):
Assalamu alaikum 'yan uwa tsofaffin ɗalibai. Saƙo ne ya iso gare ni daga ɓangaren Malam, tsohon hedimastanmu. Kamar yadda wasunku suka ji, yana da niyyar sake neman kujerar majalisar dokokin jihar Kaduna da ya taɓa riƙewa zango ɗaya, kuma yana son ƙungiyarmu ta fitar da takardar goyon baya da sunanta. Ban ba su amsa ba. Na ce sai na ji ta bakinku, tunda sunan ƙungiya na kowa ne. Roƙona kada a zagi kowa, kuma kada a kawo mana rigimar jam'iyya, domin a zauren nan akwai ɗan kowace jam'iyya. Maganar mutum ɗaya muke yi da aikin da ya yi.

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ban ga abin doguwar shawara a nan ba. Mutumin da ya koya mana karatu da rubutu, yau ya ce mu tsaya masa, sai mu ce sai mun yi tunani? Lokacin da yake kan kujera wa ya je ƙofarsa ya dawo hannu rabbana? Rijiyar burtsatsen bayan kasuwa shi ya haƙa, har yau ita mata ke ɗiba. Ya saya wa yara fom ɗin JAMB, ya raba wa zawarawa kekunan ɗinki. A rubuta takarda kawai, ni ne farkon sa hannu.

Maman Khalifa:
Wallahi gaskiya ne. Lokacin da aka kwantar da mahaifiyarmu, maigidana ya je wurinsa da dare, bai ko bari ya gama bayani ba ya shiga ciki ya ɗauko abin da ya sawwaƙa. Washegari kuma ya zo dubiya da ƙafarsa. Irin wannan mutum ba a juya masa baya.

Injiniya Bashir:
Allah ya saka masa da alheri, ba wanda zai musa kirkin Malam. Amma ku duba duk abin da aka lissafo: rijiya, fom, keke, kuɗin asibiti. Ko ɗaya babu aikin majalisa a ciki. Kamar ka ɗauki tela ne aiki, ka yi ta yabonsa da iya noma, ba ka ga rigar da ya ɗinka ba. Tsarin mulki ya ce majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. A shekara huɗu, wane ƙudiri Malam ya kawo? A wane kwamiti ya yi aiki, me ya fito daga ciki? Ni tambayata ke nan. Idan akwai amsa mai kyau, zan sa hannu kafin Yaya Ɗan Tudun Wada ma.

Ɗan Tudun Wada:
Ƙanina, ƙudiri ake ci? Je ka gaya wa matar da ke tashi da asuba neman ruwa cewa ƙudiri ya fi rijiya.

Malama Hadiza:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban tanka ba, amma tunda magana ta zo kan sana'ata bari in sa baki. Yaya, ba wanda ya kai ni son Malam a zauren nan. Saboda shi na shiga koyarwa. Muna aji huɗu yakan riga kowa zuwa, ya daka gawayi da baƙin tsohon batir ya shafe allo da hannunsa don rubutu ya fito, sannan ya tsaya bakin ƙofa yana duba farcenmu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya ci zaɓe, mu malamai taya juna murna muka riƙa yi. Cewa muke yau namu ya shiga, wanda ya san mene ne aji mai yara sama da ɗari.

Ajina yanzu haka yake. Kiran suna kaɗai yana cinye rabin darasin farko. Layi uku na gaba ne ke da benci, sauran a ƙasa suke, littafi a kan gwiwa. In damina ta kankama, ɓangaren da iska ta yaye kwano sai mu kwashe yaran mu cusa su a ajin maƙwabta, ranar kuwa ba karatu sai tsawa. Takardar ƙarin girma takan zo, a taya ka murna, albashi kuma ya ci gaba da zuwa a tsohon mataki, kana ta sintiri ana ce maka ka dawo wani watan. Alli ma sau da yawa daga aljihunmu yake fita.

Duk wannan Malam ya fi ni sani. Shi ya sa abin ke min ciwo. A 2017 aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawar gwaji a jihar nan, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, aka ce za a ɗauki sababbi 25,000. A 2022 aka sake sallamar 2,357. Ba ina cewa duk wanda aka sallama ya iya aiki ba ne. Mu da ke ciki mun san akwai waɗanda aka cusa da takardar wani babba, jimla ɗaya ba za su iya rubutawa daidai ba, kuma yaran talakawa ne suka sha wahalarsu. Amma akwai ƙwararru da abin ya rutsa da su. Duk a idon Malam aka yi. Abin da na sa rai daga wanda ya riƙe alli shi ne ya nemi doka tsayayya: wa zai tantance malami, da wane ma'auni, wane horo za a ba shi kafin a gwada shi, ina zai kai kuka in an zalunce shi, kuma wa zai hukunta wanda ya ɗauki marar cancanta tun farko. Ban ji ya kawo wannan ba. Da ya kawo an kayar da shi, da na ce ya fita haƙƙinmu.

Lauya Nura:
Malama ta sosa inda ke ƙaiƙayi. Bari in ɗan fayyace abin da ke hannun ɗan majalisar jiha, don kada mu ɗora masa abin da ba nasa ba, kada kuma mu yafe masa abin da yake nasa. Ba shi ke ɗaukar malamai ba, ba shi ke biyan su ba. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi 23 yake fita, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, kuma ita ke kula da makarantun. Amma gwamnati ba ta da ikon kashe kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafi, kuma ma'aikatar ilimi da hukumominta sai sun zo gaban kwamiti sun kare abin da suka nema. A wannan teburin tsohon hedimasta ya fi kowa amfani. Shi ne zai dubi takarda ya ce kuɗin nan ba za su yi wa rabin yaran benci ba, ko ya tambayi ina ajujuwan da aka ware wa kuɗi bara, a wane ƙauye suke, ya ce a tashi a je a gani.

Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulkin 1999 sun ba majalisa ikon bincike, da ikon gayyatar jami'i ya zo da takardunsa. Rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha ma gabanta ake kai shi. Ga kuma kuɗin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta karɓar kason gine-gine sai ta ajiye nata kwatankwacinsa. Shin mun ajiye namu bana, kuma me aka gina da na bara? Wannan tambaya ce da mutum ɗaya zai iya miƙewa ya yi a zaure, a rubuta ta a kundin zama. Haka dokar tarayya ta 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65, ko shekara 40 a bakin aiki: bin kadin irinta a jiha aikin majalisar jiha ne.

Rijiya da keken ɗinki alheri ne, Allah ya ba shi lada. Sai dai attajiri ma zai iya yin su ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Abin da attajiri ba zai iya ba shi ne ya kira kwamishina ya tsare shi da tambaya.

Ɗan Tudun Wada:
Barista, a takarda duk haka ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum 34 ne a majalisar nan. Wace majalisar jiha ce a ƙasar nan ba a kiran ta 'yar amshin shata? Gwamna ya aiko da abu da safe, kafin azahar an buga guduma. Kana so Malam shi kaɗai ya tsaya ya ja da gwamnati, a toshe wa mazaɓarmu komai? Da ya yi haka, ku ɗin nan ne za ku fara cewa bai kawo aiki ba.

Baba Sufeto:
'Ya'yana, salamu alaikum. Jikana ke rubuta min, ku yi haƙuri da tsawon magana. Na yi aiki da malaminku tun yana saurayi, ni na fara duba shi a aji, don haka ina da abin cewa.

Ginin Lugard Hall da majalisarku ke zama a ciki yau, nan majalisar Jihar Arewa ta zauna, kuma manyanta da yawa daga aji suka fito. Sardauna ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimastanta. Aliyu Makaman Bida ma hedimasta ne kafin ya zama minista. A 1950, a nan Kaduna, Ɓalewa ya miƙe a majalisa ya kawo ƙudirin a gyara tsarin mulkin En'e, a gaban Turawa, a lokacin da sarakuna ke da wuƙa da nama. Mutum ɗaya ne ya kawo shi, kuma ba a ji daɗinsa ba a wurare da yawa, amma maganar ba ta mutu ba. Malam Aminu Kano shi ma malami ne, ya koyar a Bauchi sannan Maru, yana kan gaba wajen kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi jam'iyyar NEPU. Don haka, ɗana na Tudun Wada, kada ka raina mutum ɗaya. Kuma kada ka ce majalisa ba ta da ƙarfi. Majalisar jihar nan ce ta tsige Gwamna Balarabe Musa a watan Yunin 1981, tun Katsina na cikin Kaduna. Ni a ganina ba a yi masa adalci ba, amma ya isa ya nuna maka cewa ƙarfin yana nan, sai dai in masu shi sun ga dama.

Amma ba zan yi muku rabin magana ba. A zamanin waɗancan, malami shi ne mai ilimin gari, albashinsa yana riƙe gida, kuma ba ya sayar da gona don ya shiga majalisa. Malaminku bai tarar da wannan zamani ba. Ya shigo aiki ne da takardar shaidar koyarwa ta Gireti Tu a shekarun da suka biyo bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, wato UPE, na 1976, lokacin da yara suka cika makarantu malamai suka yi kaɗan. Ƙauyen da aka fara tura shi, in ruwa ya sauka sai ya saɓa kekensa a kafaɗa ya tsallake rafi. Na taɓa isa makarantar ba sanarwa, na same shi shi kaɗai da aji uku: ya ba 'yan aji biyar lissafi a allo, ya sa babban yaro yana jan 'yan aji ɗaya da waƙar baƙaƙe a gindin mangwaro, shi kuma yana tsakiya yana kai da kawowa. Littafin shirin darasinsa cike yake har na makon gaba. Takardar shaidar malanta ta NCE ta hanyar cibiyar horar da malamai ta ƙasa, wato NTI ta Rigachikun, ya yi ta, Asabar da lokacin hutu, da kuɗin aljihunsa. Daga baya ya zama hedimasta, ya riƙe muƙami a reshen ƙungiyar malamai ta NUT na ƙaramar hukuma. A can na san shi da baki. Ba ya tsoron sakataren ilimi, ba ya tsoron ciyaman, in albashi ya makara shi ne a gaba.

To wannan mutumin ne ya shiga majalisa muka ji shi shiru. Abin da nake so in sani ke nan, kuma ban taɓa samun zama da shi na tambaye shi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Injiniya Bashir:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da nake nufi ke nan. Ba cewa muke Malam ba shi da ƙwazo ba. Mun san yana da shi, shi ya sa shirun ya fi zafi. Da wani ɗan kwangila ne ya je ya yi shiru kan makarantu, ba wanda zai yi mamaki.

Kawu Sale:
Ni na yi yawon kamfe da Malam, kuma na zauna kusa da shi bayan ya hau, don haka bari in ba Baba amsar abin da na gani da idona.

Doka ta ce ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Malam ya ajiye, albashi ya tsaya, haƙƙoƙinsa ba su fito ba tukuna. Kafin a kai ga jama'a akwai zaɓen fid da gwani, kuma kowa ya san yadda ake kwana da daliget. Fom kaɗai, a 2022 wata babbar jam'iyya naira miliyan 2 ta sayar da na majalisar jiha. Ku auna da mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 da jihar nan ta sanar a 2024: albashin sama da shekara biyu ne, ba ci ba sha. Ga fasta, ga mota, ga mai, ga wakilan akwati. Malam ya sayar da filinsa, ya ci bashi, sauran kuma wani babba ne ya cike masa. Wanda ya cike maka kuwa, ranar da ya bugo waya ya ce kada a ji bakinka a kan magana kaza, sai ka yi tunani biyu. Ban ce daidai ba ne. Na ce haka abin yake.

Sai ƙofar gida. Kafin a sallame sallar asuba an shimfiɗa tabarmi. Wannan da takardar magani, wannan da katin ɗaurin aure, wannan matarsa ta haihu gobe suna ba rago, wannan an koro ɗansa kan kuɗin jarabawa, matasa kuma a gefe suna jiran na shayi. Malam yakan fito da ambulan a aljihun babbar riga, ya zauna a kan kujerar roba, ya saurari kowa. Kafin ya shiga mota ƙarfe tara ta wuce, aljihu ya ƙare, kai ya ɗau zafi. Na sha ganin kundin kasafin kuɗi a kujerar baya, ya ce yau da dare zai karanta, da dare kuma wani layin ya sake haɗuwa. A duk zaman da na yi da shi, ban ga mutum ɗaya da ya zo ƙofar nan ya ce Malam ga matsalar makarantu a rubuce, ka kai zaure ba. Ko ɗaya. Malamai ma in sun zo, canjin wurin aiki suke nema ko a sa baki a ɗauki ƙani.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce bai taɓa magana ba. Lokacin da iska ta kwashe rufin wata firamare a mazaɓar, ya kawo maganar gaggawa a zaure, 'yan kwamiti suka je suka gani, aka gyara kafin damina ta gaba. Ba a sa a rediyo ba ne kawai.

Malama Hadiza:
Kawu, na gode da wannan, ban san da maganar rufin ba. Amma ka ga abin da ta nuna: da ya yi magana, an yi aiki. Makaranta ɗaya ke nan. Da ya nemi a kawo wa majalisa lissafin duk makarantun jihar da ba su da rufi, fa?

Anti Saratu:
Barkanmu da yamma 'yan aji. Ina wurin aiki ne sai yanzu na duba. Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne tsaro, kuma a ɓangarenmu shi ne kan gaba. A watan Yulin 2021 aka kwashe ɗalibai sama da ɗari a makarantar Bethel Baptist. A watan Maris na 2024 aka shiga makarantar Kuriga da safe, bayan fiye da mako biyu aka dawo da yara 137, malami ɗaya kuma ya rasu a hannun masu garkuwar. Duka biyun a ƙaramar hukumar Chikun ne, nan kusa da mu, ɗaya ta Kirista ɗaya a garin Musulmi. Ba su tambayi addinin kowa ba.

'Yar yayata ta gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, tana son koyarwa da gaske, amma uwarta ta ce in dai ƙauye za a tura ta gara ta zauna tana soya ƙosai a Sabon Tasha. Wa zai ga laifin uwar? Haka makarantun karkara ke zama ba malamai, na cikin gari kuma kowa yana neman a bar shi a nan. Malam ya yi zaman ƙauye, Baba ya faɗa. To ni in zan sa hannu, ina so in ji daga bakinsa: zai nemi a sa alawus na musamman ga malamin da ya yarda ya zauna a karkara? Gidajen malamai fa? Katanga fa? In malami ya mutu a bakin aiki, me doka ta tanadar wa iyalinsa? Ban damu da jam'iyyarsa ba, kuma ban damu da ko zai zo cocinmu da gudummawa ba. Wannan nake so.

Maman Khalifa:
Anti, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ni ma ina da yara a firamaren gwamnati. Amma ina tsoron kada mu tsaya dogon bincike wani ya zo da buhunan shinkafa ya kwashe kujerar, wanda ko hanyar makarantar bai sani ba. Malam ko ba komai in ka kira shi zai ɗauka. Sannan ku tuna shekarunsa. Mutum ya manyanta, ya sayar da abin da ya mallaka, an kayar da shi, yanzu 'ya'yan da ya koyar su ne za su tsare shi da tambayoyi?

Lauya Nura:
Hajiya, tsoronki yana kan hanya. A 2022 dokar zaɓe ta ƙayyade cewa kuɗin kamfen ɗan takarar majalisar jiha kada su wuce naira miliyan 30, kuma ko wannan ɗin wane malami ne yake da su? Shi ya sa maganar Kawu Sale ta fi damuna fiye da komai. In Malam ya sake shiga da kuɗin wani babba, shirun nan za a maimaita, ko da ya yi mana alkawari ɗari. Don haka takardar goyon baya ita ce mafi arha cikin abin da za mu iya ba shi. In da gaske muke, mu yi karo-karo mu rage masa nauyin fom. Mu tsaya masa a rumfunan zaɓe kyauta. In ya ci, waɗanda suka san lissafi a cikinmu su riƙa karanta masa kasafin ilimi su fitar masa da tambayoyi, ni kuma na ɗauki nauyin rubuta ƙudiri ba tare da ya biya ni ba. Wanda ya ba ka irin wannan yana da bakin tambayar ka.

Malama Hadiza:
Barista ya gama magana. Ni zan haɗa malamai daga makarantun mazaɓar, kowa ya rubuto yawan yaran ajinsa, benci nawa, banɗaki nawa ke aiki, malami nawa suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Ba sai mun jira wani ofis ba, rajista tana hannunmu. Mu kai masa a rubuce, kamar yadda Kawu ya ce ba wanda ya taɓa yi.

Amma ina da sharaɗi, kuma ina so a ji ni da kyau. Ina so Malam ya faɗa mana da bakinsa me ya hana shi magana a wancan karon. Ba don a kunyata shi ba. In bashi ne, mu sani. In tsoro ne, mu sani. In kuma a ransa ya gamsu cewa abin da aka yi wa malamai daidai ne, yana da 'yancin ra'ayinsa, amma ya faɗa, don malaman da zan je in roƙa su san wa za su zaɓa. Ba zan iya shiga ɗakin malamai in ce ku fito ga namu ba, alhali akwai matar da ke zaune a wurin wadda mijinta ya rasa aiki, ta tambaye ni me namun ya ce a lokacin, in rasa amsa.

Ɗan Tudun Wada:
Karo-karon na yarda, ku sa ni a ciki. Amma maganar a kira Malam a titsiye shi, ban yarda ba. Ubanmu ne. A tarbiyyar da shi kansa ya ba mu, yaro ba ya aika wa babba sammaci. Duk ranar da aka yi haka ba da ni ba.

Baba Sufeto:
Ɗana, ka yi gaskiya, ba a kiran sa. Ku za ku je. Ku zaɓi mutum biyar ko shida, ku same shi a gida bayan la'asar, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ajiye masa goro. Ni zan raka ku, ni zan buɗe maganar, tunda ni na girme shi kuma ni na saba tambayar sa littafin shirin darasi. Hadiza ta karanta abin da malamai suka rubuto. Tambayar shirun kuma ku bar min ita, ni zan yi ta, ba a gaban 'yan rakiyarsa ba. Na san halinsa. In ya ga da mutunci aka zo, zai faɗi gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba.

Injiniya Bashir:
Na amince da tsarin Baba. Sai dai a rubuta abin da ya amsa, a kawo zauren nan kowa ya karanta kafin a yi maganar sa hannu. Kuma in amsar ba ta gamsar ba, kowa ya bi ra'ayinsa da sunansa, a bar sunan ƙungiya a gefe.

Alhaji Garba (shugaban zaure):
To alhamdu lillahi. Zan sanar da ɓangaren Malam cewa takarda ba yanzu ba, muna neman izinin zuwa gaisuwa. Masu zuwa: Baba Sufeto, Malama Hadiza, Barista, Anti Saratu, Ɗan Tudun Wada da ni. Injiniya, kai za ka riƙe biro, don haka ka zama na bakwai. Kawu Sale, ka taimaka ka samo mana ranar da ba taron siyasa a gidan. Maganar karo-karo ba za a buɗe ba sai mun dawo, kada kowa ya tura wa kowa kuɗi.

Anti Saratu:
Alhaji, don Allah kada a sa Lahadi da safe. Asabar ta fi min.

Malama Hadiza:
Asabar ta yi, amma ba wannan mai zuwa ba. Makarantun da ke bayan rafi ba su da sabis sosai, sai na aika musu da takarda ta hannun masu babur, su cike su dawo da ita. A ba ni mako biyu.